Kafin Ka Biya Kuɗin Ajin Aikido

Ƙanena, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce shekarunka 32, zaman ofis ya fara ajiye maka tumbi da ciwon baya, kuma wata biyu da suka wuce wasu samari suka tare ka da daddare, ɗaya ya nuna maka wuƙa, suka karɓe wayarka, kai kuwa ka sandare jikinka na ɓari, har yau abin yana cin ranka. Ga shi an buɗe ajin aikido, wato wani salon kare kai na Japan, a wurin motsa jiki kusa da gidanka, ranka ya biya, amma abokanka sun ce rawa ce kawai ake yi da fararen kaya. Kana tambaya ka shiga ko ka nemi wani fannin.

Na yi judo shekara 6 ina saurayi, sannan na shafe shekara 18 ina aikido, galibi a Faransa inda aiki ya zaunar da ni, kuma yanzu ni ke riƙe da ajin sababbin shiga sau biyu a mako. Ina son aikido so na gaske, saboda haka ba zan yi maka talla ba. Idan babban burinka shi ne nan da shekara guda ka iya tsayawa gaban wanda ke kawo maka naushi da niyyar ji maka ciwo, aikido shi kaɗai ba zai kai ka can ba. A nan abokanka suna da gaskiya. Kuskurensu shi ne zaton da suke yi cewa iyakar abin da mutum ke samu a irin wannan horo ke nan. Bari in nuna maka inda giɓin yake da kuma yadda aka yi ya samu, domin in ka gan shi da idonka, zaɓin zai zo maka da sauƙi.

Wanda ya kafa aikido, Morihei Ueshiba, an haife shi a 1883 a garin Tanabe na ƙasar Japan. Gajere ne curarre mai ƙarfin gaske, ya yi soja lokacin yaƙin Japan da Rasha, ya yi noma da saran daji a tsibirin Hokkaido. A can ne a 1915 ya haɗu da Sokaku Takeda, malamin wani salon faɗa mai suna Daito-ryu, salon murɗe gaɓoɓi da maka mutum da ƙasa. Kusan duk dabarun da za a koya maka daga wannan tushe suka fito. A 1919 ya haɗu da Onisaburo Deguchi, jagoran wata ƙungiyar addini mai suna Omoto, ya zama mabiyinsa, daga nan tunaninsa ya fara karkata. Yana tsufa yana ƙara nacewa cewa amfanin horon yaƙi shi ne a kashe wutar fitina ba tare da an halaka wanda ya kunna ta ba. Sunan aikido ya zauna a 1942, shekarar da ya koma ƙauyen Iwama, ya kuma mutu a 1969.

Akwai abin da ba a cika gaya wa sababbin ɗalibai ba. Ɗakin horon da Ueshiba ya buɗe a Tokiyo a 1931, mai suna Kobukan, saboda tsananin wuyar da ake sha a ciki har laƙabin ɗakin jahannama aka yi masa. Ba kowa ake ɗauka ba, sai wani babba ya tsaya maka. Dubi kuma waɗanda suka shiga. Kenji Tomiki ya riga ya yi nisa a judo kafin ya zo. Minoru Mochizuki, Jigoro Kano da kansa, wato wanda ya kafa judo, shi ya turo shi a 1930. Gozo Shioda ya yi judo tun yana yaro. Har da Tenryu, wanda ya yi suna a kokawar sumo. Waɗannan mutane sun riga sun san nauyin jikin wanda ba ya son faɗuwa, sun sha kaye sun kuma kayar. Aikido ya zo musu kamar aikin wuya a kan rigar da an riga an ɗinka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan Ueshiba, Kisshomaru, ya buɗe ƙofa ga kowa da kowa ta ƙungiyar Aikikai, Mochizuki ya kai fannin zuwa Faransa a 1951, Koichi Tohei ya kai shi Hawai a 1953, ya bazu a duniya. Wannan alheri ne, da ba don shi ba da ni ma ban same shi ba. Sai dai yanzu mutum yakan zo bai taɓa ko kokawar yara a yashi ba, a miƙa masa zare da allura a ce ya fara aikin wuya, alhali rigar babu ita.

Ga yadda aji yake tafiya. Malam ya fito tsakiya ya nuna dabara kamar sau huɗu, sai ku rabu biyu-biyu. Ɗaya shi ne uke, mai kawo hari ya karɓi faɗuwa, ɗayan kuma nage, mai aiwatar da dabarar. An san harin da za a kawo, an san da wane hannu, an san wanda zai faɗi. Bayan sau huɗu ku sauya. Babu gasa, domin Ueshiba bai yarda da ita ba. Tsarin yana da hujjarsa: murɗin wuyan hannu irin nikyo ko kotegaeshi, in aka fizge shi da ƙarfi a kan mai turjewa, jijiya ce za ta tsinke, gobe ba ka da abokin horo. Amma ka lura da abin da ya ɓace a ciki. Shekara da shekaru jikinka yana koyon amsa tambayar da ya riga ya san za a yi masa, daga bakin mutumin da ya yarda ka ci jarrabawar.

Jigoro Kano ya ci karo da wannan matsala tun da ya kafa makarantarsa ta judo mai suna Kodokan a 1882, sai ya bi wata hanya. Ya ware dabarun da ba za a iya gwada su da cikakken ƙarfi ba, ya bar waɗanda za a iya, ya ce to ku kara da juna, kowa ya ƙi faɗuwa iya ƙarfinsa. Shi ne abin da suke kira randori. A ido sai ka ce ya rage wa faɗan kaifi, amma a aikace ƙara masa ya yi. Dabara mai sauƙi da ka gwada sau dubu a kan wanda ba ya so, ita za ta fito maka ranar tashin hankali, ba mai ban tsoron nan da ba ka taɓa yi ba sai a kan wanda ya ba ka hannunsa. Kai da ka taso kana kallon dambe da kokawa ka san wannan ba sai an gaya maka ba. Ɗan damben da ya ɗaure hannu ya shiga fili ya san nisan da naushi ke kaiwa, ya san zafinsa a haɓa, ya san kuma cewa bayan zafin mutum yana nan a tsaye yana iya ramawa. Babu wanda makaɗa za su yi wa kirari don ya kwatanta kamu a kan ƙaninsa da ya tsaya masa cik. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ni a jikina na koyi wannan. Ina shekara ta biyar a aikido, na kusa samun baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa, sai na roƙi wani abokina ɗan judo mu tsaya bayan an tashi, na ce ya kama ni yadda ya ga dama kada ya raga mini. Ya damƙi wuyan rigata da dama, hannun rigata da hagu. Na nemi kotegaeshi, sai kawai ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙarinsa, wuyan hannun nan ya zama kamar turken da aka kafe a ƙasa. Na juya in zagaye shi yadda aka koya mini, ya biyo ni da taku ɗaya ya share ƙafata. Sau uku a jere ina ƙasa. A karo na huɗu da na iya tsayawa, judon samartaka ne ya taso ya cece ni. Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin na gane cewa na daɗe ina ɗaukar ladabin abokan horona a matsayin gwanintata. Ban bar aikido ba, amma daga ranar na daina yi wa kaina ƙarya a kansa. Wani malamin aikido ɗan ƙasar Lituweniya, Rokas Leonavicius, ya yi irin wannan gwaji a idon duniya a 2017. Bayan fiye da shekara 10 yana horo, ya kara da ɗan damben gauraye da ake kira MMA, ya kasa aiwatar da dabarunsa, ya saki bidiyon bai ɓoye komai ba, daga baya ma ya rufe makarantarsa ya koma koyon damben gaurayen. Da yawa cikinmu sun ji haushinsa. Ni ina ganin ya yi wa fannin hidima.

Irin hare-haren da ake koyo ma suna da tasu matsalar. Za ka ga ana kawo sara da tafin hannu daga sama zuwa tsakar ka, shi ne shomenuchi, ko daga gefe zuwa wuya, shi ne yokomenuchi, sannan riƙon wuyan hannu iri-iri. Waɗannan suna da ma'ana a duniyar masu takobi, inda saran daga sama yake zuwa, kuma ana riƙe hannun mutum don kada ya zare makami. Ɗan boksin kuwa yakan jefo naushi ya janye hannu kafin ka ƙifta ido, ya biyo da na biyu da na uku. Babu wuyan hannun da zai tsaya a iska yana jiran ka cafke shi. Shioda ya ruwaito cewa malaminsu Ueshiba yana cewa a faɗan gaske kashi 70 cikin 100 duka ne, sauran 30 ne dabarun kayarwa. Je ka duba ajujuwan yau ka ƙirga minti nawa ake ɓatawa a koyon duka. A wurare da yawa nuni kawai ake yi da hannu a wuce.

To me ya zaunar da ni shekara 18?

Na farko, faɗuwa. Ana kiranta ukemi, kuma rabin lokacinka a aji a kanta zai ƙare. Za a fara da kai a durƙushe: ka lanƙwasa hannu kamar bakin kwarya, ka manne haɓa a ƙirji, ka mirgina ta yadda ƙasa za ta bi ta hannunka zuwa kafaɗa, ta ratsa bayanka a karkace ta fita ta kwankwason ɗaya gefen, kanka kuwa ko taɓa tabarma ba zai yi ba. Wata ukun farko za ka sha jiri, kafaɗunka su yi tsami, ka riƙa jin kanka kamar buhun da aka wurgo daga mota. Wata rana kuma sai ka ga ka mirgina ka miƙe babu ko ƙara. Ina da shekara 47, wata safiya ta sanyi ina kan keke, tayar gaba ta faɗa cikin ramin layin dogon jirgin cikin gari, keken ya tsaya cak ni kuwa na wuce ta saman kansa. Ban yi tunanin komai ba. Haɓa ta shige, hannu ya lanƙwashe, kwalta ta bi ta bayana, na tsinci kaina a tsaye ina kallon kwamfutar da ke jakata ta tsage. Ƙujewa kawai na samu a gwiwar hannu. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, daga yau zuwa tsufanka sau nawa za ka yi faɗa, sau nawa kuma za ka faɗi? Ga babur, ga santsin banɗaki, ga matakala, ga ramin da ba ka gani ba da dare. Dattijai nawa ka sani waɗanda faɗuwa ɗaya ta karya musu ƙugu, daga nan ba su sake miƙewa ba? Wannan ita ce kariyar kai da na tabbata za ka yi amfani da ita. Judo ma yana koyar da ita da kyau, sai dai aikido ya fi ba ta lokaci, kuma ya fi lallaɓa wanda ya fara da girma.

Faɗuwar nan ce kuma motsa jikin. A awa guda kana iya zubewa ka miƙe sau ɗari ko fiye, rigarka za ta jiƙe sharkaf. Tumbin zai ragu in ka gyara cin abinci, amma kada ka sa ran hakin da ake yi a boksin ko judo. Ciwon bayan kuwa, ka ga likita kafin ka hau tabarma. Na ga waɗanda mirginawa ta warware musu baya, na kuma ga wanda ta tayar masa da tsohon ciwo.

Na biyu, riƙe mutumin da ba ka son ji masa ciwo. A nan aikido yake a gidansa. Ka yi tunanin rigingimun da magidanci ya fi haɗuwa da su: ɗan'uwa ya harzuƙa wajen rabon gado ya yi kan wani, matashi ya sha abin da ya sha yana neman dukan mahaifiyarsa, wani ya ci kwalarka a gidan mai saboda layi. A duk waɗannan in ka fasa wa mutum hanci ka ƙara wa wutar fetur, wataƙila ma ka kwana a ofishin 'yan sanda. Abin da kake bukata shi ne ka kauce daga layin da ƙarfinsa ke bi, ka tsaya a gefensa inda hannunsa ba ya kai maka, ka mallaki gwiwar hannunsa, ka zaunar da shi har ya huce. Dabara ta farko da ake koyarwa, ikkyo, aikinta ke nan. Cikin ɗalibaina akwai wata ma'aikaciyar jinya a sashen masu taɓin hankali. Ba ta taɓa jefa kowa ba, amma ta ce mini zare hannu daga riƙo ba tare da fizga ba, da tsayawa a gefen majinyaci maimakon gabansa, da sassauta kafaɗa idan ana yi mata tsawa, kusan kowane mako sai sun yi mata rana. Ba banza ba 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokiyo suka daɗe suna tura jami'ansu kwas na wata 11 a salon Yoshinkan da Shioda ya kafa a 1955. Aikin ɗan sanda kamu ne. Amma ka lura, 'yan sandan Japan dama suna yin judo ko kendo (faɗa da takobin gora), wato a nan ma akwai rigar kafin aikin wuyan.

Na uku, abu ne da ake tsufa da shi. Na taɓa zuwa babban ɗakin Aikikai da ke unguwar Shinjuku a Tokiyo, na shiga ajin ƙarfe 6:30 na safe. Wadda ta zo ta durƙusa gabana don mu yi horo tare wata tsohuwa ce mai furfura, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ɗora yatsunta a wuyan hannuna ta yi nikyo, ba ta matsa ba, ta ɗan sunkuyo ne kawai kamar mai gaisuwa, sai ji na yi wata wuta ta bi hannuna har kafaɗa, gwiwoyina suka kai ƙasa kafin in yi shawara. Awa guda muka yi, ita ma tana faɗuwa tana miƙewa. Abokaina da muka yi judo tare mafi yawansu gwiwa ko kafaɗa ta ajiye su kafin su kai 45.

Yanzu maganar wuƙa, wadda na san ita ce a ƙasan zuciyarka. Ƙanena, abin da ka yi daren nan shi ne daidai. Ka miƙa waya ka koma gida da jininka a jikinka. Da a ce ni ne, da shekaruna 24 a kan tabarma, wayar zan miƙa. A aikido ana koyar da ƙwace wuƙa da wuƙar katako, yana da kyan kallo, yana kuma koya wa mutum kaucewa, amma kada ka yarda wani ya sa ka ɗauka cewa ka shirya. In kana so ka tabbatar, sa tsohuwar farar riga, ka ba abokinka alƙalamin tawada mai kauri da ake kira maka, ka ce ya yi ta sukarka da sauri na daƙiƙa 20 kai kuma ka yi ƙoƙarin kama hannunsa. Sannan ka cire rigar ka ƙirga zanen. Mun yi wannan da manyan masu baƙar ɗamara, babu wanda ya fita da farar riga. Babban haɗarin horon da babu turjiya a cikinsa shi ne ya ba ka ƙarfin gwiwar da zai sa ka tsaya inda ya kamata ka gudu, alhali Hausawa sun riga sun ce da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Sandarewar da ka yi kuwa ba ragwanci ba ne, haka jikin ɗan Adam yake yi idan tsoro ya zo masa ba shiri. Abin da ke rage ta shi ne sabo da matsi, wato a riƙa kawo maka hari na gaske a wurin da babu haɗari har zuciyarka ta daina tsinkewa. Wannan sabon a boksin da judo da kokawa ake samunsa da wuri.

Ba duk aikido ne iri ɗaya ba. Aikikai ne ya fi yawa, kuma a cikinsa akwai mai zafi akwai mai sanyi, ya danganta da malami. Yoshinkan yana da tsauri da tsari kamar faretin soja. Salon Iwama na Morihiro Saito yana ba takobin katako da sanda muhimmanci, kuma a can riƙo da ƙarfi ake yi tun farko. Tomiki shi ne ya ga giɓin da nake ba ka labari, ya shigo da gasa a salonsa na Shodokan, inda ɗaya ke riƙe da wuƙar roba yana suka ɗayan yana neman kayar da shi, kuma wannan ya raba shi da gidan Ueshiba. In ajin da ke kusa da kai na Tomiki ne, rabin ƙorafina ya faɗi. Tohei kuma ya fice daga Aikikai a 1974 ya kafa nasa da ya fi ƙarfafa abin da suke kira ki. A kan wannan kalma ina so ka yi hattara. Malamin kirki idan ya ce ki, yana nufin sassauta tsoka, da numfashi, da haɗa ƙarfin ƙafa da ƙugu da hannu wuri ɗaya, abubuwan da kowa zai iya gwadawa ya gani. Wanda ya ce maka yana kayar da mutum ba tare da ya taɓa shi ba, ɗalibansa suna zubewa tun daga nesa, ɗauki takalmanka ka fita.

Kada kuma taushin fannin ya sa ka ɗauka ba a jin ciwo. Wuyan hannu yana shan murɗa, kafaɗa tana buguwa wajen koyon mirginawa, gwiwa kuma tana wahala saboda dabarun da ake yi a durƙushe ana tafiya da gwiwoyi. Wadda na fi tsoro ita ce shihonage, inda ake naɗe hannun mutum ta bayan kafaɗarsa a kai shi ƙasa ta baya. In aka yi ta da gaggawa a kan wanda bai iya faɗuwa ba, ƙeyarsa ce ke fara sauka, kuma an taɓa rasa rayuka ta wannan hanya a ƙungiyoyin jami'o'in Japan inda manyan ɗalibai ke gallaza wa sababbi. Da ka ji zafi ka buga tabarma ko cinyarka da tafin hannu, alamar a saki ke nan. Jurewa a nan ba jarumta ba ce, kuma duk wanda bai sake ka nan take ba kada ka sake horo da shi.

Akwai abu biyu da gara ka san su tun kafin ka shiga. A farkon aji da ƙarshensa ana durƙusawa a sunkuyar da kai har goshi ya kusa ƙasa, ana fuskantar bangon da hoton Ueshiba yake, wasu wuraren har da tafi. Su a wurinsu girmamawa ce, amma siffarta ta yi kama da sujada, kuma ni zuciyata ba ta taɓa natsuwa da ita ba. Tun ranar farko na sami malamina na yi masa bayani cikin ladabi, ya ce in zauna a miƙe in ɗora hannu a ƙirji, haka nake yi har yau. Ka tambayi malamin addinin da ka amince da shi, sannan ka yi magana da mai ajin kafin ka biya kuɗi, yadda ya karɓi maganar ma zai nuna maka irin mutumin da yake. Na biyu, galibin ajujuwa maza da mata haɗe suke, ana sauya abokin horo ana riƙe hannun juna. In wannan zai dame ka, shi ma ka faɗa tun farko, kada ka bari sai wata ta durƙusa gabanka sannan ka juya mata baya.

Ga shawarata gare ka kai musamman. Tunda abin da ya taso da kai tsoron daren nan ne, ka fara da judo ko boksin, ko da shekara ɗaya ce ko biyu, yanzu da jikinka zai iya ɗauka. In ka zo aikido bayan haka za ka fahimci cikin wata shida abin da wasu ke shekara biyar ba su gane ba, domin hannunka ya riga ya san bambancin wanda ya faɗi da wanda ya ga dama ya kwanta. In kuwa babu judo ko boksin kusa da kai, ko ka san ranka ba zai jure su ba har ka riƙa zuwa, to shiga aikidon, domin ajin da kake zuwa sau biyu a mako ya fi wanda ka yaba a baki kana kwance a gida. Ka dai shiga da sanin abin da ka je saya.

Kafin ka biya, je ka zauna a gefe ka kalli aji guda daga farko har ƙarshe. Kada ka kafa wa malamin ido, kowane malami yana da kyan gani a kan ɗalibin da ya saba da shi. Kalli waɗanda suka shekara uku ko huɗu. Shin harinsu yana isa inda aka nufa, ko a iska yake tsayawa? Idan dabara ba ta kama ba, uke yana tsayawa a gyara, ko yana zubewa don kada a ji kunya? Suna gumi? Ka duba yadda manya ke riƙe sababbi, da ko an ware wa sabon shiga lokacin koyon faɗuwa kafin a fara jefa shi. Bayan an tashi ka sami malamin ka tambaye shi wa ya koyar da shi, shekara nawa, kuma ko yana barin ɗalibansa su je judo ko dambe a gefe. In ya yi murmushi ya ce je ka, har ma ya gaya maka inda ake yi, ka biya kuɗin wata ɗaya ka gwada. Ka yanke farce, ka cire agogo da zobe, ka tafi da wando mai kauri da ya rufe gwiwa, ba sai ka sayi farin kaya ba tukuna.